Yadda na yi wa sunan yajina rajista

Wata Laraba ce bayan la'asar, dilar da ke sarin kayana tana kaiwa Zariya ta yi sallama ta shigo. Ko mayafi ba ta sauke ba ta zaro leda biyu daga jaka ta ajiye a kan tabarma, ta ce, "Hajiya, dubi nan ki gaya mini wanne ne naki."

Na ɗauka ina jujjuya su. Duka biyun ja ne da ratsin rawaya a baki, duka da hoton turmi da taɓarya a tsakiya. Sai da na kai su bakin taga na gane bambancin: harafi ɗaya aka sauya a sunan, sai lambar waya da ba tawa ba. Na yaga bakin ɗayar na shinshina. Nawa da ka buɗe kanumfari da citta ke fara tarbar ka. Wannan kuwa ba ƙamshi, da na lasa gishiri ne ya cika mini baki, ga kala da ta manne mini a ɗan yatsa. Dilar ta ce kwastomominta uku sun yi mata ƙorafi cewa yajin Hajiya ya lalace, ɗaya har ta ce ta daina saye.

Shekara shida ke nan a lokacin ina wannan sana'a. Da turmi na fara a tsakar gida, da haɗin da kakata ta koya mini, kuma laƙabinta na sa wa yajin. A hankali muka kai ga injin niƙa da injin liƙe leda, mata tara suna aiki tare da ni, ana kawo mana citta daga Kaciya buhu-buhu. Daren nan ban runtsa ba. Asarar cinikin ba ta dame ni kamar yadda ya dame ni cewa wata tana can ta zuba wannan abu a tuwon 'ya'yanta tana ambaton sunan kakata ba.

Washegari na sauke takardar rajistar kasuwancina daga bango, da firam ɗinta, maigida ya kai ni ofishin wata lauya, 'yar amininsa ce. Na ajiye mata takardar da ledojin biyu, na ce kotu nake so mu je, ga shaidata. Ta karanta a natse, sannan ta ɗago.

"Hajiya, wannan takardar CAC ce, hukumar rajistar kamfanoni. Abin da take nunawa shi ne gwamnati ta san da kasuwancinki da wannan suna. Ba ta ce sunan da ke jikin leda mallakinki ba ne."

Na ce, "Barista, to mene ne amfaninta?"

Ta ce amfaninta yana nan, da ita na buɗe asusun banki, da ita zan nemi kwangila. Amma sunan kaya da tambarinsa wani ofishi ne daban yake yi musu rajista, a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari, kuma da dokarsa daban, dokar alamomin kasuwanci ta 1965. Hukumomin biyu kowa da kundinsa. Kana iya samun takardar wannan, wani can ya riƙe takardar wancan a kan suna ɗaya.

Na sani ba ni kaɗai ce da wannan fahimta ba. Tun daga ranar duk wanda na tambaya cikin masu sana'a irina, masu turare, masu man shafawa, masu sabulu, kusan amsa ɗaya suke ba ni: ai mun yi rajista. In ka ce wacce, sai a nuna maka ta CAC. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan.

Ta ci gaba da bayani cewa dokar ta faɗa ƙarara, wanda bai yi wa alamarsa rajista ba ba shi da ikon shigar da ƙarar keta alama. Ƙofa ɗaya ta rage masa, wato ƙarar sojan gona, ka ce wa kotu wane yana sayar da kayansa da rigar nawa. Ta ba ni labarin wata tsohuwar shari'a ta 1961 da ake koya musu a makaranta: a Anacha wani kantin magani ya daɗe yana ciniki da sunan Niger Chemists, sai wasu suka buɗe nasu a titi ɗaya suka kira shi Nigeria Chemists, kotu ta hana su domin jama'a za su ruɗe. To amma a irin wannan ƙara nauyin hujja a kanka yake. Sai ka nuna cewa mutane sun san ka da sunan, ka nuna wancan ya ruɗe su, ka nuna ka yi asara ko kana dab da yi. Mai rajista kuwa takardarsa yake ajiyewa a gaban Babbar Kotun Tarayya, rabin maganar ta ƙare.

Ta tambaye ni rasit na farko da na taɓa yankawa da wannan suna. Ba ni da shi. Littafin bashi kawai nake da shi, da hotunan da nake sawa a Instagram da Facebook. Ta ce in koma gida in tattaro duk abin da ke ɗauke da suna da kwanan wata: tsofaffin ledoji, rasit ɗin masu buga leda, saƙonnin oda a waya, takardun banki. Kwana uku na yi ina haƙo su. Mafi tsufa da na samu rasit ne na mai buga sitika, ya koɗe har sai an kai shi haske ake karanta shekarar.

Matakin farko na rajistar shi ne bincike, a duba kundi a ga ko wani ya riga ka. A nan na fara jin maganar aji. Kaya da ayyukan duniya an kasa su aji 45, daga 1 zuwa 34 kaya ne, daga 35 zuwa 45 ayyuka ne kamar talla da sufuri da gidan abinci. Yaji da sauran kayan ƙamshin girki suna aji na 30, tare da shinkafa da shayi da fulawa. Nama da abin da aka sarrafa daga gare shi, kamar kilishi da dambu, aji na 29. Zoɓo na kwalba da sauran lemuka aji na 32. Turare da sabulu da man shafawa aji na 3. Rajistarka tana kare ka ne a ajin da ka nema, kuma kowane aji da takardarsa da kuɗinsa. Ni da na ɗauka in na yi sau ɗaya sunan ya zama nawa a kan komai har takalmi.

Kwanakin jiran sakamakon binciken sun yi mini tsawo. Abin da ke raina shi ne, in mutumin nan da ya kwaikwaye ni ya riga ni kai takarda fa? Barista ta ce doka ba ta bar wanda ya riga amfani da suna haka kawai ba, tana ba shi damar ci gaba in ya tabbatar ya riga kuma bai yanke ba. Amma ka zama kai ne mai kare kanka a kan abin da ka gina da hannunka, da koɗaɗɗen rasit, wannan ba wurin tsayuwa ba ne. Cikin ikon Allah sakamakon ya fito babu kowa a aji na 30. An ga wani suna mai kama da shi a aji na 3, na masu sabulu, ta ce wannan ba zai tare mu ba. Na yi sujadar godiya a ofishin nan.

Sannan ta zauna da sunan kansa tana auna shi. Kalma biyu ce, "yaji" da laƙabin kakata. Ta ce "yaji" ba ta kowa ba ce, ba wanda za a ba shi ita shi kaɗai, kuma za a iya neman in amince a rubuce cewa ba na iƙirarin mallakarta. Laƙabin ne ƙarfin sunan, domin ba ya bayyana abin da ke cikin ledar. Da a ce "Yaji Mai Daɗi" na sa, ko "Yajin Kano", da wuya a karɓa, saboda na farko yabon kaya ne da kowane mai yaji ke da haƙƙin yi, na biyu kuma sunan gari ne. Wannan ya saɓa wa yadda muke raɗa suna a kasuwa. Mun fi son suna mai faɗin kyan kaya, Nagari, Mai Inganci, Na Asali, ga shi kuwa su ne suka fi wuyar karewa.

Na sa hannu a takardar wakilci da ke ba ta izinin nema a madadina, domin ta hannun wakilan da ofishin ya amince da su aka fi shigar da takardu ta intanet. A watan Yuni na 2023 aka shigar da sunan. Ba a jima ba takardar farko ta fito, wadda ke nuna an karɓi buƙatata, da lamba da kwanan wata. Barista ta ce in adana wannan kwanan wata, domin in rajista ta tabbata daga ranar za a fara lissafi, ko da takardar ƙarshe ta ɗauki lokaci.

Tambarin kuwa ba mu shigar da shi tare ba, saboda wata tambaya da ta yi mini: wa ya zana turmin nan?

Na ce wani yaro ne a shagon buga takardu, na biya shi tun tuni. Ta ce, kun rubuta wani abu? Na ce a'a. Sai ta bayyana mini cewa zane yana ƙarƙashin wata doka ce kuma, ta haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka sabunta a 2022 aka sa mata hannu a watan Maris na 2023. A wannan doka, haƙƙin zane yana faɗawa hannun wanda ya zana ne tun daga lokacin da ya zana, ba sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Biyan kuɗin aiki kawai ba ya mayar da shi naka. Sai an rubuta an sa hannu cewa ya miƙa maka.

Na nemo lambar yaron da ƙyar, ya koma Kaduna da aiki. Da na yi masa bayani ya ce, "Mama, ai ni na ɗauka tun da kika biya ni ya zama naki. Ki turo takardar in sa hannu." Allah ya yi masa albarka. Amma da Barista ta karɓi wayar ta tambaye shi ko da hannunsa ya zana turmin, sai ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya a intanet ya samo hoton, launi kawai ya sauya. Ashe shekara shida ina buga hoton da ba nawa ba, ba nasa ba, kuma ba mu san mai shi ba. Wanda ya kwaikwaye ni ma wataƙila can ya samo.

Abin ya ba ni tsoro, amma alheri ya zama. Turmin kakata yana nan a ɗakin ajiya, baƙi ƙirin saboda tsufa, da tsaga a gefe ɗaya da aka ɗaure da waya zagaye uku. Na fito da shi tsakar gida na goge shi, na ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare na tura wa yaron, na ce wannan za ka zana, da tsagar da wayar, kada ka gyara komai. Ya zana, na biya shi sabon kuɗi, ya sa hannu a takardar miƙa haƙƙi da shaidu biyu. Shi muka shigar a matsayin tambari, kuma baƙi da fari muka shigar da shi bisa shawarar Barista, domin alamar da ba a ƙayyade mata launi ba ana ɗaukar ta a matsayin an yi mata rajista da kowane launi.

Ana cikin haka muka fuskanci mai jabun. Dilar ta bi sawu har aka gano inda kayan ke fitowa. Barista ta rubuta masa wasiƙa ta neman ya daina, ta haɗa da kwafin hujjojin da na tara. Maigida kuma ya ce kada mu tsallake manya, ya je ya samu shugabannin layin da mutumin yake ciniki. Aka zauna. Ban shiga zaman ba, maigida da Barista ne suka wakilce ni. Mutumin ya fara da cewa suna ba na kowa ba ne, amma da aka jera ledojin biyu a gaban dattawan aka ce su nuna nawa, biyu daga cikinsu nasa suka nuna. Daga nan magana ta ƙare. Ya sa hannu cewa ya daina, ya miƙa sauran nadin ledar da bai yi amfani da ita ba. Ban nemi diyya ba. Wasu sun ce na yi sakaci, amma ni na san a lokacin ƙafata ba ta tsaya da ƙarfi a gaban doka ba, kuma shari'a tana cin kuɗi da shekaru. Kwastomar da ta ce ta daina saye, ita ban sake samun ta ba.

Bayan wasu watanni takarda ta biyu ta fito, ta amincewa, wadda ke nuna an duba sunan ba a ga abin da ya hana ba. Da ita na cika sharaɗin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin a cikin takardun da suke nema kafin su ba kaya lamba akwai shaidar alamar kasuwanci. Manyan kantuna sun daɗe suna ce mini ba za su ɗora kayana a kanta ba sai da lambar, ni kuma ina ta jan ƙafa. Barista ta ja mini kunne cewa takardar amincewa ba ita ce rajista ba. Har yanzu da saura. Sai an buga alamar a mujallar ofishin domin duniya ta gani, a ba duk mai ja wata biyu ya fito ya faɗi dalilinsa. A wannan tsakanin zan iya sa ™, mai nuna cewa alamar kasuwanci ce, a gefen sunan, amma ®, mai nuna an yi rajista, haramun ce gare ni sai takardar ƙarshe ta zo, domin nuna alama a matsayin mai rajista alhali ba ta da ita laifi ne a doka. Ina ganin ® ɗin nan a jikin kayan mutane da yawa da na san mai buga leda ne kawai ya ɗora musu don ado.

Lokacin jiran mujalla na kawo mata wata magana da ta daɗe a raina. Na ce ina so a yi wa haɗin kansa rajista, kada wani ya yi irinsa. Ta ce abin da nake nufi shi ne takardar ƙirƙira, wadda dokar 1970 ta tanada, kuma ba ta dace da ni ba. Ana ba da ita ne ga sabon abu da ba a san shi ba, wanda ya ƙunshi ƙirƙira ta gaske, alhali barkono da citta da masoro da kimba kakannin kowa sun daka su. Sannan sharaɗinta shi ne ka rubuta yadda ake yin abin dalla-dalla a ajiye inda kowa zai iya karantawa, a kare ka shekara 20, bayan nan ya zama na kowa. Haɗin abinci, in ji ta, kariyarsa ita ce rufin baki. Ta kawo misalin Coca-Cola da ta haura shekara ɗari tana riƙe haɗinta a matsayin sirri.

Wannan ɓangaren ya fi kowanne yi mini nauyi. Matan da ke aiki da ni maƙwabta ne da dangi, akwai wadda tare muka yi Islamiyya. In kawo musu takarda in ce su sa hannu cewa ba za su fitar da sirri ba, gani nake kamar na ce musu ban yarda da su ba. Sati biyu takardun suna cikin jakata. Daga ƙarshe na tara su bayan an tashi aiki, na ajiye ledar jabun a tsakiya, na ce wannan abincinmu ne mu duka aka taɓa. Na karanta musu takardar da Hausa layi-layi. Babbar cikinsu ta ce, "Hajiya, amana ai ba ta tsoron rubutu," ta fara dangwala hannu, saura suka bi. Na kuma sauya tsarin aiki. Wanki da shanya da suya da niƙa da zubawa a leda duk suna hannunsu kamar da. Awon ƙarshe, mudu nawa na wannan a kan nawa na wancan, ni da babbar 'yata muke yi da asuba kafin kowa ya zo.

Akwai kuma maganar iyaka. Ina da dila da ke kai kaya Maraɗi, na tambaya ko rajistata za ta kare ni a can. Barista ta ce a bakin iyaka take tsayawa. Nijar tana cikin wata ƙungiya ce ta rajistar alamomin kasuwanci da ƙirƙira mai suna OAPI, mai hedikwata a Yawunde, da ƙasashe 17 a cikinta har da Kamaru da Cadi da Benin. Rajista ɗaya a can tana aiki a dukkansu, shekara 10 kafin a sabunta. Najeriya ba ta ciki. A wannan ƙungiya ce Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito, abin da ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna abincinmu ma dukiya ce da doka ke iya tsarewa. Na yi niyyar nema, sai aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli na 2023, aka rufe iyaka, ciniki ya tsaya, na ajiye maganar. Yanzu da kaya suka koma tafiya na sake buɗe ta, ina tara kuɗin.

Da aka buga sunan a mujalla Barista ta turo mini hoton shafin ta waya. Ƙaramin akwati ne a tsakanin alamomin wasu kamfanoni, ga laƙabin kakata da baƙin rubutu, ga lamba, ga aji na 30. Na nuna wa mahaifiyata, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sai ta yi wa tsohuwar addu'a. Wata biyun suka cika ba wanda ya fito. Muka biya kuɗin takardar ƙarshe, ta sunan ta fara zuwa, ta tambarin ta biyo baya.

Ranar da na je karɓa Barista ta ce in zauna, akwai abu biyu. Na farko, rajistar shekara 7 ce daga ranar da aka shigar, bayan nan ana sabunta ta duk shekara 14, kuma in aka yi sake za a iya cire ta daga kundi. Na biyu, alamar da aka bari shekara 5 ba a amfani da ita, wani yana iya neman a soke ta. Ta kuma ce ofishin ba zai bi kasuwa yana duba mini jabu ba, wannan aikina ne ni da dilolina. Tun daga nan duk dilar da ta zo sari sai na nuna mata tsagar turmin da wayar da ke jikin sabuwar leda, in ce ta nuna wa masu saye.

Na buɗe bangon littafin ciniki na rubuta Yuni 2030 da jan biro, na sa 'yata ta rubuta a wayarta ita ma. Tsohon nadin leda mai ™ sai da muka ƙarar da shi kaf kafin na ba da odar sabo mai ®. Dambun nama da muke gwadawa tun bara bai fita kasuwa ba tukuna, ko leda ɗaya ban buga masa ba. Takardar bincikensa a aji na 29 tana hannun Barista, ranar Litinin za ta kira ni.